Yadda Za Ka Yi Amfani Da Wayarka Wajen Gano Asalin Gidanku Da Filayen Gado A Katsina

 Duk wanda ke yawan kallon YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon wani Ba'amurke da ya buɗe manhaja, ya rubuta sunan kakansa, nan take ta fito masa da titin da tsohon ya zauna, da sana'arsa, da sunayen 'ya'yansa. Daga nan sai tambaya ta taso: mu a Katsina akwai irin wannan? Zan iya rubuta sunan kakana in ga gidansa na Rafindadi ko gonarsa ta bayan Ƙofar Guga?

Amsa a taƙaice ita ce babu. Amma bayanan suna nan, a warwatse ne kawai: wasu a bakin tsofaffi, wasu a ƙasan adaka, wasu a kotu, wasu kuma a Kaduna. Aikin waya shi ne ta tattaro su wuri ɗaya. Kuma lamarin ya wuce sha'awar tarihi. Birnin Katsina ya tsallake ganuwa tuntuni, gonakin da ake shuka gero a cikinsu shekaru talatin da suka wuce yau fulotai ne na miliyoyin naira, kuma gidan da ba shi da hujja a hannu shi dillali ke fara leƙawa.

Me ya sa ƙidaya ba za ta ba ka suna ba

Abin da ke bayan waɗancan manhajoji takardun ƙidayar jama'a ne. A Amurka doka ta ce a buɗe takardun ƙidaya masu ɗauke da sunaye bayan shekara 72, shi ya sa aka saki na 1950 a watan Afrilun 2022. A Ingila shekara 100 ake jira, an saki na 1921 a Janairun 2022. Kamfanoni irin su Ancestry sai su ɗauki hotunan takardun, su jera sunayen, su sayar wa jama'a damar bincike.

Nijeriya ma ta yi ƙidaya sau da dama: 1911, 1921, 1931, 1952 zuwa 1953, 1963, 1991 da 2006, ban da na 1962 da 1973 da aka soke. Sai dai abin da ake bugawa alƙaluma ne. Ƙidayar 2006 za ta gaya maka jihar Katsina tana da mutum kimanin miliyan 5.8, amma ba ta da jerin sunayen gida-gida da aka buɗe wa jama'a. Na farkon zamanin Turawa kuwa, a Arewa galibi daga lissafin masu biyan haraji aka ciro su. Ka riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin: a ƙasar Hausa, mai karɓar haraji shi ya fi mai ƙidaya rubuta sunan magidanci. Za mu dawo kansa.

Fara da ɗakin tsohuwa

Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa ko'ina, ka cika cajin wayarka, ka buɗe manhajar ɗaukar murya, ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku. Sau da yawa gwaggo ko kaka mace ta fi maza riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa, kuma mata su ne takardun haraji suka tsallake. Ka nemi izini kafin ka danna. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗaukar, sannan ka fara da faɗin ranar, da wurin, da sunan mai magana. Murya ta fi bidiyo sauƙin ajiya, kuma tsofaffi sun fi sakin jiki idan ba a kafa musu kyamara a fuska ba.

Kada ka tambayi shekara. "Inna, a wace shekara aka sayi gidan nan?" ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka ce: "Inna, lokacin wane sarki ne? An yi canjin kuɗi ko ba a yi ba?" Kai ne za ka mayar da amsar zuwa lamba. Turawa sun shigo Katsina a 1903. Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906, ya rasu a 1944. Usman Nagogo ya yi daga 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman daga 1981 zuwa 2008. An koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, an ƙirƙiro jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987. Idan ta ce an yi cinikin da fam da sule, Nagogo yana kan karaga, ka san abin ya faɗo tsakanin 1944 da 1972.

Ka kuma tambayi duk sunayen da ake kiran mutum da su. Abubakar ɗin da kake nema yana iya zama Garba a takarda, Usman ya zama Shehu, Abdullahi ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman. Matan gida kuwa saboda alkunya ƙila ba su taɓa kiran sunansa na yanka ba. Wani abin da zai taimake ka shi ne al'adar Katsinawa ta ɗaukar sunan unguwa a makaranta. Wanda ake kira Saulawa, Gafai, Darma, Rafindadi ko Ƙofar Bai, sunansa ya riga ya nuna maka inda za ka fara. Unguwannin ma kansu tarihi ne: Masanawa tana komawa ga Wali Ɗan Masani na ƙarni na 17. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Katsina a 1851, ya rubuta jerin unguwannin birnin a littafin tafiyarsa, kuma littafin yana nan kyauta a shafin Internet Archive. Ka lura da rubutun zamanin: Katsena za ka rubuta a akwatin bincike.

Idan tsohuwa ta ce wani reshe na danginku yana Maraɗi, kada ka yi mamaki. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Katsina da mabiyansu can suka koma, har yau ma Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi.

Takardun cikin adaka

A gidaje da yawa akwai wata leda ko tsohuwar jakar fata da ba a son yara su taɓa. Ciki za ka iya samun takardar cinikin gida da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu, takardar rabon gado, rasiɗin haraji, takardar ba da fuloti, ko taswirar safiyo.

Ka ɗauke su da tsarin sikan da ke cikin Google Drive, ko Adobe Scan, a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba. Ka ɗauki gaba da baya, domin sau da yawa a bayan takarda ake ƙara rubuta cewa an sayar da rabi ko an jinginar. Hatimi da sa hannu ka matso ka yi musu hoto na daban. Kada ka manna salatif a inda ta yage, kada kuma ka kai ta a yi mata laminatin: zafin na'urar yana ɓata tsohuwar tawada, kuma ba a iya cire robar daga baya idan ana son duba takardar. In za ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, saboda in ka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ƙananan rubutu su dushe.

Da yawa daga cikin tsofaffin takardun da Larabci ko ajami aka rubuta su. Google Lens yana ƙoƙari a kan Larabcin bugu, amma rubutun hannu na warash, irin na malamanmu, yana rikita shi. Ka kai wa malamin zaure ya karanta, kai kuma ka ɗauki muryarsa. Idan shekarar Hijira ce, kalkuletar waya ta isa: ka ninka ta da 0.97, ka ƙara 622. Shekarar 1350 za ta ba ka 1931 da ɗoriya.

Sanin tarihin sunayen hukumomi yana tona jabu cikin minti ɗaya. Daga 1967 zuwa 1976 Katsina tana cikin jihar Arewa ta Tsakiya, daga 1976 zuwa 1987 tana cikin jihar Kaduna. Takardar da ke da tambarin gwamnatin jihar Katsina amma aka rubuta mata 1982, akwai magana. Haka takardar cinikin 1965 da aka rubuta kuɗinta da naira.

Haraji, taki, da tafiya Kaduna

Yanzu mu koma kan haraji. A zamanin En'e, kowace shekara masu unguwanni da dagatai suna ba da sunayen magidanta da baligan maza, malaman haraji su rubuta, hakimi ya tattara, kuɗin su shiga baitulmali. A Katsina ne ma aka fara gwada tsarin baitulmali, zamanin Sarki Dikko da Baturen nan H. R. Palmer. An kuma yi wani zamani a ƙasar Kano da Katsina da ake yanka haraji gwargwadon girman gona, malaman taki su auna ta da taku. An ci gaba da karɓar haraji da jangali har 1979, lokacin da gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar jihar Kaduna. Ke nan rasiɗin harajin da ka tsinta a adaka hujja ce cewa wane yana zaune a unguwa kaza a shekara kaza.

Babbar ma'ajiyar takardun wancan zamani ita ce Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Fayilolin lardin Katsina suna ƙarƙashin alamar KATPROF. Sai dai ga wani tarko da ke kama sababbin masu bincike: Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934. Kafin 1926 tana ƙarƙashin lardin Kano, daga nan ta koma ƙarƙashin Zariya. Don haka tsofaffin fayiloli sai ka leƙa KANOPROF da ZARPROF, da kuma SNP, wato na sakatariyar lardunan Arewa.

Ka rage buri kafin ka tafi. Abin da ya fi yawa a can rahotannin jami'an Turawa ne a kan gundumomi: tarihin gari, jerin masu sarauta, yawan masu biyan haraji, rikicin iyaka, ƙararrakin da suka kai gaban Razdan. In kakanka ya riƙe sarauta, ko alƙalanci, ko aikin En'e, ko ya yi shari'ar da ta yi ƙamari, damar ganin sunansa tana da yawa. In manomi ne da bai taɓa rigima da kowa ba, ƙila ƙauyensu kawai za ka gani. Ka tambayi ma'aikata ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya, kuma duk fayil ɗin da ka buɗe, ka fara ɗaukar bangonsa mai lamba. Hoton shafi ba lambar fayil kamar lambar waya ce ba suna.

A Kaduna ɗin akwai Arewa House. A gida kuma akwai Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina, da gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Littattafai biyu za su rage maka wahala. Na Dokta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, ya yi bayanin zuriyoyi da garuruwa da yadda jama'a suka yi ƙaura. Sai na Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Ɓatagarawa a 1967 tana nazarin gonakin magidanta, da yadda ake gadonsu, da sayarwa, da jingina. Littafin ya fito a 1972. Duk ɗan Ɓatagarawa da ke kallon yadda gine-gine ke cinye gonakin yankin ya kamata ya san an taɓa yin wannan aiki.

Ga wanda fili ne damuwarsa, rajistar kotu ta fi duk waɗannan amfani. Rabon gadon da aka yi a gaban alƙali yakan ambaci mamaci, da magada ɗaya bayan ɗaya har da mata, da dukiyar, da maƙwabtan gida ko gona ta gabas da yamma, kudu da arewa. Shafi ɗaya sai ya ba ka zuriya da iyaka a tare. Ka nemo wace kotu ce ta yi rabon da kusan shekarar, ka rubuta takardar neman kwafi mai hatimin kotu. Kwafin da aka tabbatar shi ke da nauyi, hoton waya na ajiyarka ne.

Tarihi daban, mallaka daban

A nan matasa da yawa ke zamewa. Mutum ya ga sunan kakansa a tsohuwar takarda, sai ya hau Facebook yana shelar cewa rabin unguwa nasu ne.

Tun dokar Turawa ta 1910 aka ɗora filayen Arewa a hannun gwamna, dokar 1962 ta ci gaba a kan haka, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta game ƙasa baki ɗaya. A ƙarƙashinta, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne. A birni gwamna ke bayarwa, shi ne ake ba da satifiket ɗin C of O a kansa, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. A karkara kuma ƙaramar hukuma. Wanda yake da ginannen gida a birni kafin 1978, doka ta ɗauke shi tamkar an riga an ba shi haƙƙin, ko da bai da satifiket. Filin birni da ba a gina ba kuwa, rabin hekta dokar ta bar wa mai shi. Sayar da filin da ke da haƙƙin gwamna yana bukatar amincewar gwamna. Jihar Katsina ta kafa hukumar KATGIS don mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, irin KADGIS ta Kaduna da KANGIS ta Kano. Can ne za ka bincika ko filin da kuke kira naku an riga an yi masa rajista da sunan wani.

Wannan bai sa tarihin baka ya zama banza ba. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, kuma tarihin gargajiya yana cikinsu, tare da takardu da daɗewar riƙo. Kotuna sun sha soke satifiket idan aka tabbatar akwai wanda ya riga mai shi haƙƙi.

Sai kuma hauzi, wanda kotunan Musulunci ke aiki da shi a mazhabar Malikiyya. Idan bare ya riƙe fili yana noma ko gini har shekara goma, mai shi yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, ƙararsa tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara arba'in. Amma hauzi ba ya cin aro, ko jingina, ko amana. Ka ga dalilin da ya sa tambayar "Baba, sayar masa aka yi ko aro aka ba shi, kuma wa ya shaida?" ta fi kowace tambaya tsada a cikin hirarka. In magana ta kai nan, lauya ko malamin da ya san gado za ka nema, da fayil ɗinka a hannu. Muryar da ka ɗauka ma tana iya shiga kotu, amma dokar shaida ta 2011 ta gindaya sharuɗɗa a kan hujjar da ta fito daga na'ura, don haka kada ka yanke ko ka gyara asalin fayil ɗin.

Taswira da iyakar abin da GPS zai iya

Google Earth yana da tsarin duba tsofaffin hotunan sama, kuma yanzu har a waya yana aiki. Ka nemo wurin, ka ja shekarun baya, za ka ga lokacin da gona ta fara zama fulotai, da inda tsohuwar hanya ko bishiyar kuka take kafin a sare. Hotuna masu kaifi galibi daga shekarun 2000 suka fara, saboda haka zamanin mahaifinka za su nuna maka, ba na kakan kakanka ba.

Ka ɗauki dattijon da ya san iyaka ku zagaya, kana sa alama a Google Maps a kowace kusurwa, kana ɗaukar hoton abin da ya nuna. Amma ka san cewa GPS na waya yakan kauce da kimanin mita biyar a fili, fiye da haka a cikin lungunan birni. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 faɗinsa mita 15 ne kawai, ka ga kuskuren ya kai sulusinsa. Ƙari a kan haka, tsofaffin taswirorin safiyo a Nijeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, waya kuma tana aiki da WGS84. In ka kwafi lambobin tsohuwar taswira ka zuba a Google Maps kai tsaye, alamar za ta iya sauka gomman mitoci daga inda ya dace, wataƙila a tsakar gidan maƙwabci. Lambar da ke jikin simintin iyaka ita za ka ɗauka hoto, ka bar wa safiyo mai lasisi aikin awo.

Inda za ka ajiye abin da ka tara

Ba sai ka sayi wata manhaja ba. Google Sheets ya isa: layi ɗaya ga kowane mutum, da sunayensa duka, iyayensa, unguwa, kusan shekara, sai gurbi na ƙarshe wanda ya fi muhimmanci, wato daga ina ka samu. "Inna ta faɗa" da "rajistar kotu ta nuna" ba nauyinsu ɗaya ba, kuma inda suka saɓa ka rubuta duka biyun. In kana son zanen bishiyar zuriya, FamilySearch kyauta ne, sai dai ka sani na cocin Mormon ne da ke Amurka, kuma bayanan mamatan da ka saka a bishiyarsu kowa na iya gani har ya gyara. Gramps kuma a kwamfutarka yake zama, ba ya bukatar intanet.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da amfani wajen fassara rahoton Turanci ko tsara tambayoyin hira. Amma in ka tambaye su zuriyar gidanku, za su iya jero maka sunaye masu daɗin ji da ba su da tushe, har da lambar fayil ta ƙarya.

Takardun fili kuwa kada su hau Facebook ko zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Hoton satifiket mai ɗauke da lamba, da sa hannu, da hatimi, shi ne ainihin abin da mai buga jabu ke nema. Ka ajiye kwafi ɗaya a Google Drive mai tabbacin shiga na mataki biyu, ɗaya a memori ko filashi a gida, ɗaya kuma a hannun wani amintacce daga ɗaya ɗakin, in gidanku na 'yan uba ne, don kada a ce ɓangare ɗaya ya ɓoye. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, sannan irin takardar, sannan unguwa, misali 1968 ciniki Gambarawa gaba, 1968 ciniki Gambarawa baya. Asalin takardar kuma a mayar da ita cikin ambulan na takarda, a ɗaga ta sama daga ƙasa saboda gara da ruwan damina.